Tumatirin bakin taga da tsakar gidanmu ta Jekadafari

Duk watan Maris bakin tagar kicin ɗina a nan Lids ta Ingila cika yake yi da robobin yogot. In huda gindinsu da ƙusa, in zuba ƙasar da na saya a leda (ƙasa fa, da kuɗina!), in binne irin tumatir da attaruhu. Ba su isa su leƙa waje ba sai ƙarshen Mayu, domin dare guda na sanyin da ke daskarar da raɓa ya isa ya mai da su kamar an tafasa. Wata biyu da rabi ke nan ina jujjuya robobi suna bin ɗan hasken rana, kamar mai jinya. Kuɓewa na gwada sau biyu na haƙura. Zogale kuwa yakan tsiro da kyau, hunturu na shigowa ya ce ga garinku nan.

Duk da wannan wahala, mutanen Ingila layi suke bi don su sami wurin shuka. Akwai filayen lambu da ƙananan hukumomi ke bayarwa haya, suna kiransu alotmen, kuma tun 1908 doka ta ɗora wa hukumomin samar da su in mazauna sun nema. Cikakken kaso ɗaya yakan kai murabba'in mita 250, amma yanzu rabi ake yawan bayarwa saboda yawan masu nema. Ni ma na rubuta sunana, shekara ta uku ke nan ina jira. Maƙwabciyata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, nata ya fito tuni. Tana dawowa da laka har gwiwa da 'yan albasa guda shida a kwando, tana murna kamar ta dawo daga Makka.

Bara na je gida Gombe. Na shiga gidanmu na Jekadafari, wanda Hamma ya gyara bayan rasuwar Baffa, na tsaya cak. Daga zaure har bakin madafi an shimfiɗe intalok. Gwandar da ke bayan wurin alwala babu ita. Zogalen Inna babu, lallen babu. Da azahar ba ka iya taka tsakar gidan ba takalmi.

Na ce, "Hamma, ina gwandar Inna?"

Ya ce, "Kai dai ka ga gida ya yi tsaf ko bai yi ba? Shuke-shuken nan sauro suke tarawa. Kuma da wane ruwan? Ku can famfo ba ya ɗaukewa."

Maganar ruwa gaskiyarsa ce, ban musa ba. Wanda ke sayen jarka a wurin 'yan garuwa a watan Afrilu ba za ka ce masa ya yi ban ruwa safe da yamma ba. Sai dai Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sayen ruwa don shuka ba. Gwandar nan ruwan alwalar mutanen gida ta sha har ta fi katanga tsawo. Ruwan wankin shinkafa da na tsame gero gindin zogale yake tafiya. Zogalen ma reshe ne aka karyo daga gidan Goggo aka soke a ƙasa, ya kama, daga nan bai ƙara neman komai ba. Da damina ta watsa yakuwa da karkashi a bayan ɗaki, kabewa ta hau danga abinta. Taki kashin awaki ne da tokar murhu. Ba ta kira wannan lambu ba, ita dai ta san ba a aika yaro kasuwa don ganyen miya.

Abin da nake gani ya canza ba ruwa ba ne kaɗai. Mun ɗauki siminti a matsayin shaidar an samu, ƙasa kuma a matsayin shaidar ba a ƙarasa gini ba. Lambu mun bar wa 'yan lambu na Kwadon da Dadin Kowa, mu namu mu taya kwando. Ga madatsar ruwa a kan kogin Gongola, ga Kwalejin Tarayya ta koyar da aikin lambu a Dadin Kowa, duk a jiharmu, amma cikin gari ka shiga sabbin gidaje goma ba ka ga tushen attaruhu ɗaya ba. Gwamnati na ta dashen itatuwa a bakin titi tun 2019, mu kuma muna sarewa a cikin gida.

Ban ce shuka a buhu biyar a tsakar gida za ta maye gurbin kasuwa ba. Tumatir ma ba shi zan fara ba da shawara ba, yana da laulayi, kuma wanda ya tuna ɓarnar tsutsar sharon a 2016 ya san haka. Ganye nake nufi. Alayyahu wata guda ya isa a fara yanka. Buhun siminti da aka zazzage, a wanke, a huda, a cika da ƙasa da taki, ya zauna daram a kan intalok ɗin ma. Kuma a daidai lokacin da tumatir ke tsada, farkon damina, lokacin ne sama ke yi maka ban ruwa kyauta.

Hamma bai ce komai ba, Adda ce ta ɗauka. Ta jera buhu huɗu a jikin katanga kusa da rariyar wanke-wanke. A watan Yuli ta turo mini hoto ta WhatsApp: uku sun yi kore shar, na huɗun akuyar maƙwabta ta shigo ta aske shi tas. Ta ce ta sa yara su samo ƙaya. Ni kuma a ranar ina tsugune da tocila bayan isha'i, ina tsince dodon koɗi daga jikin tumatir ɗin da ko fure bai gama yi ba.