Wa ya manta da gunkin korarru?

Masu rubuta labaran ƙagaggun duniyoyi, da masu shirya wasanni irin su Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, ba sa barin duniyarsu babu addini. Su ƙago gunkin yaƙi, su ƙago na damina, kowane da ɗakin bautarsa da bokayensa. Can a ƙarshen jeri sai su liƙa wani: gunkin waɗanda aka kora daga gari, wai tuni an manta da shi. A duniyar Forgotten Realms, ɗaya daga cikin ƙagaggun duniyoyin wannan wasa, akwai makamancinsa, Fenmarel Mestarine, wanda ya ƙaurace wa 'yan uwansa ya zama uban korarru. Duk ƙage ne, su kansu marubutan ba su ce a yi musu bauta ba, don haka kada hankalin kowa ya tashi.

Ƙorafina shi ne yadda galibinsu ke ɗaukar mantuwar kamar hazo, ya sauko kawai babu wanda ya kawo shi. Ai ruwa ba ya tsami banza. Bauta tana buƙatar fili da baitulmali da sarkin da zai ba da dabbar yanka, korarre kuwa ba shi da ko ɗaya. Idan an daina kiran sunan gunkinsa, akwai wanda ya hana.

A duba tsohuwar Rum. A kan tudun Kafitol, tsakanin ƙololuwa biyu, akwai filin da Rumawa ke cewa Romulus, wanda suke danganta wa kafa birnin, ya buɗe wa bayi gudaddu da masu neman mafaka don birninsa ya cika. Nan aka keɓe wa wani gunki mai suna Bejobis ɗakin bauta a shekara ta 192 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An siffanta shi riƙe da kibau, ga akuya a gefensa. Da birnin ya bunƙasa, jikokin gudaddu suka zama manya, sai aka gina ƙaton ma'ajin takardun gwamnati ya kusa rufe ɗakin, har malaman Rum ɗin kansu suka koma gardamar ko Bejobis ɗin wane ne. Sai a 1939 aka tono wurin, aka sami mutum-mutuminsa na marmara babu kai. Ban ce da gangan aka binne shi ba, amma wane mai sarauta ne ke son a riƙa tuna masa cewa kakansa da ƙafa ya shigo, ana bin sa?

Wani lokacin ma ƙiri-ƙiri ake yi. Bayan Sarkin Rum Karakala ya sa an kashe ƙaninsa Geta a 211, sai da aka kankare fuskar Geta daga hoton iyalinsu, kuma allon hoton yana birnin Balin na Jamus har yau da tabon.

Sannan waye ya manta? Mutanen gari dai. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila ba su saki addininsu ba, can ma suka ƙara riƙe shi. Mu ma nan, Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Lokoja don ya yi nisa da idon jama'a, can ya rasu a 1926, amma Kanawa ba su daina ambatonsa ba. Marubucin da ke son in yarda da gunkinsa, ya kai ni sansanin korarrun in ji yadda suke kiransa, sannan ya nuna min bafaden da ya cinye filin ɗakin bautar.