Iyo, keke, gudu, ashe akwai na huɗu

Jama'a wai ni da tumbina na ɗauki riyalolina na yi rajistar gasar tirayatlon a nan Jidda. Ga wanda bai san ta ba, wasa uku ne a jere ba hutu: ka yi iyo, ka fito a jiƙe ka haye keke, ka sauka ka kama gudu. Ta 'yan koyo irina wadda suke cewa gajera, iyon mita 750 ne, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ta Olamfik ninkin wannan ce cif, tun gasar Sidni ta 2000 aka shigar da ita. Wasu 'yan Amurka ne suka ƙirƙiro abin a San Diyego a 1974, Allah kaɗai ya san me ya yi musu zafi.

Wani abokin aikina ɗan Filifin ne ya ja ni, yace mafi mushkila sadik, wato ba matsala aboki, ai ku 'yan Afirka gudu a jininku yake. Nace masa waɗancan 'yan Kenya da Habasha kake nufi, mu a Kano in ka ga babban mutum yana gudu to kai ma ka zura kawai, tambaya sai an tsaya. Ya yi dariya ya turo min fom, ni kuma girman kai ya hana ni cewa a'a.

Iyo dai nace ai na iya, ba a kududdufin unguwa muka tashi ba? Ashe abin da muke yi a can bundum-bundum ne kai a sama hannu na dukan ruwa. Kwamin iyon da na shiga tsawonsa mita 25, wato sai na ratsa shi sau 30 kafin a ce na yi na gasa, ni kuwa zuwa da dawowa kawai na yi na rungume bango ina haki. Kocin Bamisre ne, ya duƙo yace ya ammu, ana fitar da numfashi ne a cikin ruwa, in ka juyo da fuska gefe shaƙa kawai za ka yi. Maganarsa gaskiya ce, amma hancina sai da ya ɗauki makonni kafin ya yarda.

Da na ɗan ji hannu muka tafi Abhur, bakin ruwan da ke arewacin Jidda, gwajin teku. Bahar Maliya fa gishirinta ya fi na sauran tekuna, wajen giram 40 a lita ɗaya alhali na galibi 35 ne, don ba kogin da ke zuba mata ruwan daɗi ga rana tana ƙafar da ita. Amfaninsa yana ɗaga mutum sama, illarsa kuma kurɓa ɗaya ta isa ka tuna zunubanka. Sannan a kwami akwai baƙin layi a ƙasa da kake bi, a teku babu, dole duk bayan 'yan bugu ka ɗago ido ka duba balan-balan ɗin da za a kewaya. Ni da na samu numfashi ya daidaita sai na dunƙufar da kai ina ta zuba aiki ina jin kaina, har sai da usur ya ishe ni. Na ɗago, balan-balan na can hagu nesa, ni na miƙe yamma sak. Ɗan Filifin yace da an ƙyale ni Bur Sudan zan sauka, ba fasfo ba biza.

Keke a haraj, kasuwar gwanjo, na samo na hannu, mai kariya da ƙararrawa, nauyinsa kuwa sai an yi bismilla ake ɗagawa. Na abokin nawa da yatsa biyu yake ɗaukarsa, kuɗinsa ya fi na motata. Bayan asuba nake fita Kornish, titin bakin teku, don raɓar Jidda ba ta wasa, rana na ɗagowa gumi ya daina bushewa a jiki.

Inda aka ƙulla sharrin shi ne gudu bayan keke. Ƙafa ta saba da juya feda, ka dire ta ƙasa kace ta yi gudu sai ta zama kamar an ɗaura mata buhun siminti, shi yasa ake cewa lallai ka riƙa gwada su a haɗe tun kafin ranar. Ina cikin wannan jan ƙafar wani dattijo da jallabiya da carbinsa, tafiya fa yake yi ba gudu ba, ya zo ya wuce ni, har ya waiwayo yace shid helak ya waladi, wato ƙara himma ɗana.

To na huɗun shi ne canjin kaya, don agogo baya tsayawa tsakanin ruwa da keke ko keke da gudu. Kuma da dokokinsa: ba ka ɗaukar keke sai hular kwano tana kai an ɗaure igiyar, ba ka hawa sai ka tura shi ka wuce layin da aka shata, ba a tuɓewa a filin. Saboda haka riga ɗaya ake sawa tun daga ruwa har ƙarshe, wata matsattsiya haɗe da wando. Rigar roba mai kauri ta sanyi kam an hutar da mu, a gajerar gasa in ruwa ya haura digiri 22 ma hana ta ake, namu kuwa ɗumi gare shi. Ranar da na gwada matsattsiyar maman yara ta dube ni sama da ƙasa tace Abban yara, wannan ta wa ka aro a cikin yaran? Nace haka ake yinta. Tace to wlh ba dai ta ƙofar gidan nan ba, sai ka ɗora dogon wando ya rufe gwiwa.

Sai na mai da saman bene filin atisaye. Babbar 'yata na riƙe da waya tana duba lokaci, ƙaninta ya sheƙa min bokitin ruwa don abin ya yi kama da gaske, ni kuma in ruga in cire tabaran ruwa da hular roba, in sa hular kwano, in zura takalmi ba safa, an barbaɗa masa hodar jarirai don jiƙaƙƙiyar ƙafa ta shige. Muna tsaka da haka, na kifa hular kwano a kan hular roba, tabarau na ido, hoda ta yi min fari fat har gwiwa, sai ga Hajiyata da ta zo Umra ta hauro shanya.

Salati ta saka ta saki bokitin wanki. Kai ɗan nan, yaushe abin ya same ka? Nace Hajiya motsa jiki ne. Ta juya kan jikokin tace ku kuma uban naku na wannan hali kuna ɗaukarsa a waya? Kafin in sauko har an kunna garwashi an zuba habbatus sauda, ta kira Kawu a Makka ta sa a amsa-kuwwa.

Kawu bai yi faɗa ba, tambaya ya yi. Nawa ake ba wanda ya zo na ɗaya? Nace Kawu ni ba na ɗaya zan zo ba, duk wanda ya gama ana rataya masa lamba a wuya. Yace to su nawa za su biya ka na wahalar? Nace ai ni na biya su. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can yace in dai keke da gudu da jiƙewa kake so, ka nemi tasrihi, takardar izini, ka zo Harami da azumi ka tura tsofaffi a arabiyya, keken marasa ƙarfi, tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai kusan kilomita uku ne, gumi ya yi maka wanka, kuma kai za a miƙa wa kuɗi.

Da kyar dai Hajiya ta yarda in shiga, bisa sharaɗin daga gida har bakin ruwa da jallabiya zan je, ita za ta riƙe min. Ta kuma ce in gaya wa masu gasar a ajiye mata kujera kusa da kekena, don in na fito daga ruwan sai na zauna na sha shayi jikina ya dawo kafin in hau komai.