Kukan minti biyu ba shi ne baƙin cikin yaƙi ba

Abin da ke damuna da yawancin labaran yaƙi, na fim ne ko na littafi, shi ne yadda ake sallamar mutuwa da wuri. An harbe abokin jarumi, ya rungume gawa ya kwarma ihu, minti biyu ya share hawaye ya saɓa bindiga sai ramuwar gayya, shi ke nan an wuce wurin. Wallahi duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san ba haka rashi yake ba, sai an yi sadakar uku an naɗe tabarmi kowa ya watse, to a nan ne ma abin yake fara cin mutum.

Shi ya sa har yau nake ganin girman Erich Maria Remarque, Bajamushen nan da ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da littafinsa All Quiet on the Western Front a 1929. A cikin littafin akwai inda jarumin labarin, wani soja mai suna Paul, ya ɗauko amininsa Kat da aka ji wa rauni a ƙafa, ya saɓo shi tun daga fagen daga har wurin masu magani, yana haki yana murna ya tserar da shi, sai ma'aikacin wurin ya ce masa ai wannan ya mutu. Ashe a hanya wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya same shi a kai, Paul bai ma sani ba, gawa yake ta ɗauke da ita. Bai yi ihu ba fa. Aka tambaye shi ko ɗan'uwansa ne ya ce a'a, ya karɓi kayan Kat, ya miƙe yana tambayar kansa wai tafiya yake yi kuwa, ƙafafunsa na nan? Wannan sandarewar ita ce gaskiya, ba hawaye ba.

Haka ranar da ya je hutu gida, ya rantse wa mahaifiyar wani abokinsa cewa ɗanta nan take ya cika bai sha wahala ba, alhali a gabansa yaron ya yi ta jinya bayan an yanke masa ƙafa. Ƙarya ce ta tausayi, amma shi zai kwana da ita.

Wani zai ce ai mu muna da tawakkali, namiji ba ya kuka. To ai bayan yaƙin Mu'uta da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) ya je gidansa ya rungumi 'ya'yansa idanunsa na zubar da hawaye, ya kuma ce a yi wa iyalan abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su. Haƙuri bai taɓa nufin zuciya ba ta ciwo ba.

Marubutanmu kuma ba su da uzuri, tun 2009 muke cikin rikicin Boko Haram, ƙungiyar agaji ta Red Cross na da sunayen mutum sama da 20,000 da suka ɓata a Najeriya. Ina labarin matar da ba ta ga gawa ba, ba a yi jana'iza ba, ba ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma ba, ba ta san ko matar aure ce ita ko bazawara ba, duk sallamar da aka yi a zaure sai gabanta ya faɗi? Ita nake so a rubuta, a bar ta ta kai babi goma tana jira, kar a kawo mata jarumi mai bindiga a shafi na uku.