Tsinken tsintsiya da Desmos

Duk wanda ya rubuta lissafin WAEC ko NECO ya san tambayar nan ta giraf. A ba ka lissafin kwadiratik, wato mai ɗauke da x², a ce ka cike jadawali, a yanka maka sikeli: santimita 2 ga 1 a layin x, santimita 2 ga 5 a layin y. Ka ɗiɗɗiga wuraren, ka lanƙwasa tsinken tsintsiya, ka bi shi da fensir don layin ya fita sumul. Wannan kam mun iya shi. Amma a ajinmu ba a taɓa tambayarmu dalilin da ya sa zanen ya zauna inda ya zauna ba.

A nan Ingila 'yata na shirin GCSE, jarrabawar sakandare irin WAEC ɗinmu, kuma da wannan tambayar suke soma wa. An ba su y = x² − 4x − 5, aka ce su zayyana siffarsa ba tare da jadawali ba. Tunda babu alamar ragi a gaban x², zanen a buɗe yake kamar ƙwarya a ajiye. Da akwai, da kifa ta aka yi. Yana yanka layin y a −5, yana yanka layin x a −1 da 5. Tsakiyar waɗannan biyun 2 ne, to nan layin da ya raba shi gida biyu yake, nan kuma gindinsa yake, a (2, −9). Ko a mai da shi (x − 2)² − 9, gindin ya bayyana kansa. Wannan dabarar cike murabba'i tana cikin littafin masanin lissafi al-Khwarizmi na Bagadaza tun wajen shekarar 820, amma mu haddace ta muka yi don neman x kawai. Gindin zane kuwa da ido muke karanto shi, shi ya sa kowa da amsarsa.

Suna kuma da Desmos da GeoGebra, manhajojin zana giraf a waya ko kwamfuta, duka kyauta. Yaro ya ja lamba da yatsa, zanen ya matse ko ya baje a gabansa. Aibin dogaro da manhaja ɗaya: na ba 'yata takardar giraf na ce ta zaɓi sikeli da kanta, zanen ya fice daga takardar. Tun daga ranar nake sa ta zana da hannu.

Duk da haka na fi karkata ga tsarinsu. Kuma ba sai an jira gwamnati ta kawo kwamfuta ba. Wayar da ke aljihun malamin lissafi a Kano ko Funtuwa ta isa ta buɗe GeoGebra, a yi minti goma ana zagayawa da ita benci-benci kafin a raba takardar giraf.