Ku bar zakunan, ku nemi rijiyar

Jama'a, akwai abin da ke ba ni haushi da masu zuwa yawon buɗe ido ƙasar Girka. Mutum ya sha wahalar biza, ya biya kuɗin jirgi, ya yi tafiyar kusan awa biyu a mota daga Atina zuwa kangon birnin Mikenai, sai kawai ya tsaya ƙarƙashin Ƙofar Zakuna, wato ƙofar ganuwar birnin mai zakuna biyu na dutse a samanta, a ɗauke shi hoto, ya koma mota. Wai shi ya ga ganuwa ke nan. Wallahi bai ga komai ba.

Kada ku ce na raina ƙofar. An gina ta wajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma dutsen da aka gitta a samanta ƙwaya ɗaya ne, nauyinsa wajen tan 20. Girkawan da suka zo daga baya su kansu sun kasa yarda cewa hannun ɗan Adam ne ya ɗora waɗannan duwatsu, suka ce aikin wasu ƙattai ne masu ido ɗaya. Amma girman dutse ba shi ne hikimar ba.

In ka je, ka dakata kafin ka shiga, ka dubi hannun damanka. Za ka ga ganuwar ta miƙo waje kamar hannu, ta matse hanya. Sojan wancan zamani da hagu yake riƙe garkuwa, da dama yake riƙe mashi. To duk wanda ya nufo ƙofar da sharri, gefensa na dama a buɗe yake, kuma daga nan saman ne masu kibau da duwatsu ke jiransa. Ga hanya ƙunci, ba a shiga a runduna. Wanda ya tsara wannan ya san yaƙi ciki da bai. Mu da muka taso muna hawan badala a Kano ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba kan abin da ya sa ake matse ƙofar gari.

Sai kuma abin da ya fi komai, wanda rabin masu hoto ba su ma san da shi ba. Can ƙuryar birnin akwai wani rami mai matakala kusan ɗari, ya ratsa ta cikin ganuwar ya gangara ƙarƙashin ƙasa. Na shiga da fitilar waya, duhu kamar kabari, matakalar santsi, sanyi na bugo fuska. A ƙasan ne suke tara ruwan da suka janyo a ɓoye daga wani marmaro da ke wajen gari. Abokin gaba na iya kewaye ka wata da watanni, in bai iya hawa ganuwa ba sai ya zauna ya jira ƙishirwa ta buɗe masa ƙofa. Mutanen Mikenai sun gane haka. A ganina wannan ramin ya fi zakunan nan biyu daraja, zakunan da ko kai ba su da shi yanzu.

Atina ma cikinta ta yi wa ganuwa. Ta ja dogayen katangu masu tsawon kusan kilomita 6 daga birni har tashar jiragen ruwa ta Pireyas, don hatsi ya riƙa shigowa ko da an toshe tudu. Da yaƙi ya ɓarke da birnin Sparta a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shugaban Atina Perikilis ya ce mutanen ƙauye su bar gonaki su shigo ciki. Dabarar ta yi aiki, mayaƙan Sparta suka yi ta ɓarnar gonaki, birni ya gagare su. Sai dai cunkoso ya yi yawa, annoba ta sauka a 430, ta yi ta ɗibar jama'a, shi kansa Perikilis ta ɗauke shi a 429. Da Atina ta miƙa wuya a 404, aka rushe katangun ana busa sarewa. Yau sai ka yi da gaske za ka gano ɓurɓushinsu tsakanin tituna da layin dogo, don haka babu mai kai baƙo can.

Wanda yake son ganin ganuwa tsaye da hasumiyoyinta, ya ƙara gaba zuwa Mesini, inda aka kewaye gari da katanga mai kilomita 9 a shekara ta 369 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don Sparta ta daina mayar da mutanen wurin bayi. Ƙofar Arkadiya da ke can biyu ce, da zagayayyen fili a tsakani: ka fasa ta farko, ka tsinci kanka a cikin tukunya, ana yi maka ruwan mashi ta ko'ina.

In Allah Ya kai ka Mikenai, ka tafi da sassafe kafin motocin baƙi su iso, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka tabbata wayarka na da caji. Ba fitila ko ɗaya a cikin ramin nan.