Kada a gaggauta watsar da tsofaffin taragun Washington

Na karanta wani rahoto kan sabbin taragun da kamfanin Hitachi zai ƙera wa jirgin ƙasan cikin birnin Washington a masana'antarsa ta Hagerstown da ke jihar Maryland, sai dai marubucin ya shagala da zancen kujeru da allunan sanarwa, ya tsallake tarihin da ya fi damun fasinja.

Ba na musun cewa sauya tsofaffin taragu da sababbi ya zama dole. A ranar 22 ga Yuni, 2009, jirage biyu sun yi karo kusa da tashar Fort Totten, mutum 9 suka rasu, kuma taragon da ya fi lalacewa yana cikin rukunin farko da aka fara aiki da shi tun 1976, wanda hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta riga ta ba da shawarar a janye ko a ƙarfafa.

Amma sabon tarago ma yana da nasa ciwon. Taragu 748 da kamfanin Kawasaki ya ƙera, na farkonsu sun fara aiki a 2015, sai ga shi a watan Oktoba na 2021 ɗaya ya goce daga layi kusa da maƙabartar Arlington saboda tazarar ƙafafunsa ta buɗe. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye rukunin gaba ɗaya, wato kusan kashi 60 cikin 100 na taragun birnin, tsofaffin da ake rainawa su suka ɗauki jama'a na tsawon watanni. Ina fata a adana wasu daga cikinsu har sai na Hitachi sun yi shekaru suna aiki lafiya.