Laburare ko gidan gara?

Jama'a wallahi akwai abin da ke min ciwo a makarantun sakandarenmu na gwamnati, kuma da ka ɗago maganar sai a ce kai maƙiyin ilimi ne. Ka shiga laburare ka ga kanta cike taf, firinsifal na ta nuna wa baƙi yana jin daɗi, to ka sa hannu ka zaro littafi ɗaya mana. Taswirar Najeriya mai jihohi 19, Legas ce babban birni, ga Gongola nan zaune daram, ba Jigawa ba Zamfara. Gongolar nan fa tun 1991 aka raba ta Adamawa da Taraba, a shekarar gwamnati ta tare a Abuja, jihohi suka cika 36 a 1996. Yaron da zai zauna WAEC ko NECO bana, wataƙila uwarsa ma tana goye a lokacin. Wani na lissafin ma da fam da sule yake magana alhali tun 1973 muka koma naira da kwabo.

Kuma yaro ai bai san an daina yayi ba, shi dai ya gani a buge cikin littafi, a laburaren makarantarsu, shi kenan gaskiya ce, zai haddace ya je ya zuba a jarrabawa.

Ni abin da na lura, ba son littafi ya sa ake barinsu ba, tsoro ne. Littafi kayan gwamnati ne, yana cikin rajista da lambarsa, odita zai zo ya ƙirga, in gara ta cinye ba wanda za a tuhuma amma in malami ya cire sai a ce ya saci kaya, to wa zai jawo wa kansa takardar tuhuma saboda tsohuwar taswira? Haka za a bar wanda ruwan kwano ya jiƙa ya yi fumfuna yana shafa wa na kusa da shi, ɓeraye na sheƙa a baya.

Amma fa kar wani mai zafin kai ya karanta wannan ya je ya kwashe komai. Tsufa kaɗai ba laifi ba ne. Littattafan adabin Hausa da tarihi da aka buga a Zariya, na kamfanin Gaskiya da NNPC (kamfanin buga littattafai na Arewa, ba na man fetur ba), wasu yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo kafin ka samu, waɗannan a kai wa masu ɗinkin littafi su sa musu sabon bango. Na kimiyya, kwamfuta, kiwon lafiya da labarin ƙasa su ne ke saurin tsufa, kuma malamin kowane fanni shi ya kamata ya zauna ya tantance nasa, ba a bar wa mai riƙon makullin ɗaki ba.

Wurin zubarwa ma a yi hattara. Na Larabci da na addini akwai ayoyi a ciki, kar a wayi gari a ga an ƙunshe ƙosai da su a bakin get, a ƙona su a wuri mai tsafta ko a binne. Sauran a rubuta jerinsu, ma'aikatar ilimi ta sa hannu a soke su daga rajista. In kanta ta koma rabi ta koma, gara ƙungiyar iyaye da tsofaffin ɗalibai su zo su ga gurbin da idonsu, yanzu kam duk wanda ya leƙa ta taga cewa yake makarantar nan ba ta buƙatar littafi.